Illolin allurar sitiroyid a gwiwa: shin a yi wa Hajiya allura ta huɗu?

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 64, kuma ta kai shekara shida tana fama da ciwon gwiwar dama, wanda likita ya ce amosanin gaɓɓai ne irin na zaizayewar gaɓa. Tana kuma da ciwon suga, tana shan ƙwayoyi. A cikin wata biyar an yi mata allurar sitiroyid a gwiwar sau uku. Ta farko ta yi mata daɗi kusan wata biyu, har ta koma yin salla a tsaye. Ta biyu ba ta kai haka ba. Ta uku kuwa ko mako uku ba a yi ba ciwon ya dawo. Yanzu ana maganar ta huɗu, ni kuma na ji ana cewa allurar tana cinye gwiwa. Mene ne gaskiyar illolinta, kuma shin mu yarda a sake yi mata?

Amsa: Malam, Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi da ita. Bari in fara da abin da ya fi tsaya maka a rai, sannan dalilai su biyo baya. Bisa bayanin da ka bayar, ban ga dacewar a yi mata allura ta huɗu yanzu ba. Tazarar da aka bari tsakanin alluran nan uku ta gaza wata ukun da aka saba bari, amfanin yana ta ja da baya daga wannan zuwa waccan, ga kuma ciwon suga, wanda shi kaɗai ya isa ya sa likita ya tsaya ya yi tunani kafin ya ɗauki sirinji. Ba ina cewa allurar guba ce ba, ba kuma ina cewa wanda ya yi mata ya cuce ta ba. Magani ne da muke amfani da shi a asibiti, kuma idan ya samu wurin da ya dace yana yin aiki mai kyau, sai dai yana da iyaka, kuma alamu sun nuna gwiwar Hajiya ta kai wannan iyakar.

Sitiroyid ɗin da ake zubawa a gwiwa ba irin wanda masu ɗaga ƙarfe suke amfani da shi don tara ƙwanji ba ne. Wannan ɗan'uwan wani sinadari ne mai suna kotisol, wanda wasu 'yan ƙananan halittu guda biyu da ke zaune a saman ƙoda suke fitarwa kullum. A shekarar 1948 wani likita a asibitin Mayo da ke Amurka, Philip Hench, ya gwada kotizon, wani nau'in wannan sitiroyid, a kan mai fama da amosanin gaɓɓai mai kumburi, aka ga sauƙin da ya ba kowa mamaki, har ya samu lambar yabo ta Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu. A 1951 kuma Joseph Hollander, a birnin Filadelfiya, ya fara zuba maganin kai-tsaye a cikin gaɓa. Waɗanda aka fi amfani da su yanzu su ne tiramsinolon, wanda ake sayarwa da sunan Kenalog, da metilfirednisolon mai sunan Depo-Medrol, da betametazon irin Diprospan, kuma yawanci ana zuba miligiram 40 na ɗaya daga cikin biyun farko, a gauraya da maganin kashe zafi. Aikin maganin shi ne ya kwantar da kumburin tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa. Ba ya mayar da guringuntsin da ya zaizaye, ba ya daidaita ƙafar da ta karkace, ba ya kuma tsayar da tafiyar cutar.

Shi ya sa sauƙinsa ba ya daɗewa. A 2015 masu nazari na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 27 da aka yi a kan mutum 1,767, suka ga cewa amfanin allurar ya fi bayyana a mako na ɗaya da na biyu, yana raguwa zuwa mako na shida, ya zama ɗan kaɗan a wata na uku, kuma a wata na shida babu wata shaidar saura. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta faɗa a ƙa'idarta ta 2022 cewa a sanar da maras lafiya sauƙin na mako biyu ne zuwa goma. Wata biyun da Hajiya ta samu a karon farko ke nan ya kusan kai ƙololuwar abin da ake fata.

Maganar cewa allurar tana cinye gwiwa tana da tushe, amma tana bukatar a auna ta da mudun da ya dace. Binciken da ya fi tayar da ƙura a kan wannan shi ne wanda Timothy McAlindon da abokan aikinsa suka yi a cibiyar kiwon lafiya ta Tufts da ke Boston, aka buga a mujallar JAMA a 2017. Sun raba mutum 140 masu amosanin gwiwa gida biyu, ana yi wa rabi allurar tiramsinolon miligiram 40 duk bayan mako 12, ana yi wa sauran rabin allurar ruwan gishiri marar magani don a kwatanta, har tsawon shekara biyu. Da aka auna da na'urar MRI, kaurin guringuntsin waɗanda aka yi wa sitiroyid ya ragu da milimita 0.21, na masu ruwan gishiri kuma ya ragu da milimita 0.10, wato kusan ninki biyu. Bambancin ba shi da girma idan aka tuna cewa kaurin guringuntsin gwiwa yakan kai milimita biyu zuwa huɗu, kuma wani bincike da aka yi a Montiriyal ta Kanada a 2003, a kan mutum 68 da hoton ƙashi na yau da kullum, bai ga wani bambanci ba bayan shekara biyu. Abin da ya fi jan hankalina a binciken Boston shi ne ɗaya sakamakon nasa: a ƙarshen shekara biyun, ciwon da ɓangarorin biyu suke ji bai bambanta ba. Wato maimaita allurar a kai a kai ya ɗan ci guringuntsi, kuma bai biya da komai ba a dogon zango.

Akwai wata illa da ta fi wannan muni ko da yake ba ta da yawa. A 2019 likitocin hoto na Jami'ar Boston sun bi bayanan mutum 459 da aka yi wa allurar a ƙugu ko a gwiwa, suka samu matsala a jikin 36, wato kashi 8 cikin ɗari, kuma ta fi yawa a ƙugu fiye da gwiwa. Matsalolin sun haɗa da saurin lalacewar gaɓa fiye da yadda aka saba gani, da tsagewar ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsi, da rubzawar ƙashin da jini ya daina isa gare shi. Wannan binciken bai kwatanta su da waɗanda ba a yi wa allura ba, don haka ba duk laifin za a ɗora wa maganin ba, amma ya koya mana darasi guda mai amfani. Idan tsohuwa ta daɗe da ciwon gwiwa mai sauƙi, sai kwatsam ya tsananta a cikin 'yan kwanaki ba tare da ta faɗi ba, mai yiwuwa ƙashin ƙarƙashin guringuntsi ne ya tsage, kuma irin wannan tsagewar takan ɓuya a hoton farko. Maganinta shi ne a rage wa ƙafar nauyi na wasu makonni. Idan aka kashe ciwon da allura, sai mai shi ya ci gaba da taka ƙafar da ƙarfi, ƙashin ya lotsa, gwiwar da za ta iya jira shekaru ta kai ga tiyata cikin watanni. Raguwar amfanin allurar a wurin Hajiya daga wata biyu zuwa ƙasa da mako uku dalili ne da zai sa a sake ɗaukar hoton gwiwar, tana tsaye a kan ƙafafunta, a kwatanta da na baya.

Illar da take sa ni rashin barci kuwa ita ce shigar ƙwayoyin cuta cikin gaɓa. Cikin gwiwa rufaffen ɗaki ne mai tsabta, kuma duk lokacin da allura ta huda fata ta shiga, an buɗe masa ƙofa, ga shi maganin da aka zuba aikinsa ke nan ya raunana garkuwar wurin. Ƙiyasin da ke cikin littattafan likitanci yana tsakanin mutum 1 cikin 3,000 zuwa 1 cikin 50,000, amma waɗannan alƙaluma daga wuraren da ake kiyaye tsabta sosai suka fito, kuma ko a can idan aka yi sakaci abin yakan ɓaci. A 2017 mutum 41 sun kamu da ruɓewar gaɓa bayan an yi musu allurar gwiwa a wani ƙaramin asibiti a jihar New Jersey, inda bincike ya gano ana ɗiban magani daga kwalba ɗaya sau da yawa ba tare da kiyaye ƙa'idar tsabta ba. A 2012 kuma gurɓataccen metilfirednisolon da wani kamfanin haɗa magunguna ya yi a jihar Massachusetts ya jikkata mutum sama da 750, ya kashe 64, akasarinsu waɗanda aka yi wa allurar a gadon baya. Idan haka ta faru a Amurka, to, ka auna abin da zai iya faruwa a bayan kantar kemis, inda ake shafa ɗan audugar sifirit sau ɗaya a soka allura ta cikin fatar da ba a wanke ba. Na taɓa karɓar wani dattijo da aka yi wa irin wannan allura a wani shago, ya zo bayan kwana tara gwiwar cike da mugunya. An wanke gaɓar a ɗakin tiyata, ya sha makonni yana karɓar magani ta jijiya, ya rayu, amma gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa yadda take ba. Ƙwayoyin cuta suna iya cinye guringuntsi a cikin kwanaki kaɗan, kuma masu ciwon suga sun fi kowa saurin kamuwa.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata kowane gida ya san yadda zai warware shi. Yawancin waɗannan magunguna a siffar ƙananan ƙwayoyi masu kama da garin gishiri suke, don su riƙa narkewa a hankali, kuma a jikin wasu mutane waɗannan ƙwayoyin sukan fusata gaɓar kafin su fara aiki. Sai gwiwar ta yi zafi ta kumbura 'yan sa'o'i bayan allurar, mai shi ya ɗauka an yi masa ɓarna. Wannan ba shi da haɗari. Yakan fara a ranar farko, ya lafa da kansa cikin kwana biyu ko uku, kuma hutu da ɗora ƙanƙara a nannaɗe cikin tsumma da shan farasitamol sun isa. Ciwon ƙwayoyin cuta kuwa yakan fara a makare, bayan kwana biyu ko uku ko ma mako guda, kuma kullum ƙaruwa yake yi: gwiwar ta ɗauki zafi, ta kumbura ta yi tauri, ko ɗan motsa ta aka yi sai mai shi ya yi ƙara, ya kasa taka ƙafar. Zazzaɓi da rawar sanyi suna iya zuwa, amma kada a jira su, domin tsofaffi da masu suga sau da yawa ba sa yin zazzaɓi, kuma sitiroyid ɗin kansa yana danne shi. Duk ciwon da ya wuce kwana uku yana ƙaruwa bayan allura, a kai mai shi asibiti a ranar, a zuƙo ruwan gwiwar a auna. Kada a saya masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis tukuna, domin hakan yakan ɓata gwajin, ya jinkirta aikin da ya kamata a yi.

Sai maganar suga, wadda ta shafi Hajiya kai-tsaye. Mutane da yawa suna zaton abin da aka zuba a gwiwa a gwiwa yake tsayawa, alhali wani kaso nasa yana tsiyayewa cikin jini na tsawon kwanaki. Idan ya shiga, sai ya sa hanta ta ƙara sakin suga, ya kuma sa naman jiki ya daina jin umarnin insulin yadda ya kamata. A jikin mai lafiya ba a cika lura da wannan ba, amma a jikin mai ciwon suga awon yakan fara hawa cikin sa'o'i kaɗan, ya kai ƙololuwa a kwana ɗaya zuwa uku na farko, sannan ya sauko cikin mako guda, wani lokaci ya ɗauki fiye da haka. Wanda suganshi yake daidai kafin allurar yakan wuce wannan ba tare da wata wahala ba. Wanda nasa dama a sama yake, musamman mai yin allurar insulin, awonsa zai iya haura 300 a ma'aunin mg/dL, ya shiga yawan fitsari da ƙishirwa da kasala, jikinsa ya bushe, kuma ga tsoho wannan yana iya kaiwa ga fita hayyaci. Saboda haka idan har wata rana za a sake yi mata, a fara auna gwajin nan na HbA1c mai nuna yadda suga ya kasance a wata ukun da suka wuce; likitoci da dama sukan ɗage allurar idan ya haura kashi 8 ko 9 cikin ɗari. Bayan allurar a riƙa auna suga a gida sau biyu zuwa huɗu a rana na tsawon mako guda, ta yawaita shan ruwa, kuma likitan da ke kula da sugarta ya san da maganar tun kafin a yi, ko zai ɗan ƙara mata magani na 'yan kwanaki. Idan awon ya haura 300 ya ƙi sauka, wato kusan 17 a ɗaya ma'aunin na mmol/L, ko ta fara amai ko ruɗewa, asibiti za a nufa. Ba na kuma son a yi wa mai suga gwiwoyi biyu a rana ɗaya, domin an ninka masa maganin ke nan, haka nan ba na son a haɗa makon allurar da azumi.

Wannan kason da ke shiga jini shi ne tushen sauran ƙananan illolin da ake gani. Wasu, musamman mata, sukan ji fuskarsu da ƙirjinsu sun ɗauki ɗumi na kwana ɗaya ko biyu; a farar fata ana ganin ja, a baƙar fata kuwa ji ake yi fiye da gani. Wasu sukan rasa barci, ko su ji zuciyarsu tana tashi, ko shaƙuwa ta dame su. Hawan jini yakan ɗan ɗaga, jiki ya riƙe ruwa, wanda abin lura ne ga mai ciwon zuciya. Jinin al'ada yakan rikice, kuma macen da ta daina al'ada tana iya ganin ɗigon jini. Ko da an san allurar tana jawo haka, duk jinin da ya zo bayan yankewar al'ada sai an duba mahaifa, kada a ɗora wa allura a yi shiru. Mai hawan jinin ido ya sanar da likita kafin a yi masa, kuma duk wanda ya ga gani ya dushe ko layi ya karkace masa bayan allurar ya je wurin likitan ido.

Akwai wadda ba a jin ta amma tana da muhimmanci. Idan jiki ya ga sitiroyid ya shigo daga waje, sai halittun nan na saman ƙoda su rage nasu aikin, kuma bayan allura guda sukan ɗauki mako ɗaya zuwa huɗu kafin su farfaɗo. Idan alluran suka yi kusa da juna, ba sa samun damar farfaɗowa, kuma ranar da babbar rashin lafiya ko tiyata ta zo, jiki zai nemi kotisol ya rasa, jini ya faɗi ƙasa. A ƙasarmu wannan ya fi zama abin damuwa saboda mutane da yawa suna shan sitiroyid ta wasu hanyoyi ba tare da sun sani ba: ƙwayar deksa da firednisolon da ake haɗawa cikin ƙullin maganin ciwon jiki, da magungunan sa ƙiba, da mayukan bilicin masu ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi. Ka tambayi Hajiya a hankali ko akwai wani haɗi da take sha na ciwon gaɓɓai ban da wanda likita ya rubuta, ka kwashe duka ka kai wa likita ya gani. Mutanen da ke shan maganin cutar da ke karya garkuwar jiki mai ɗauke da ritonabir su ma dole su faɗa, domin wannan maganin yana hana hanta sarrafa tiramsinolon, har allura ɗaya tak ta iya kumbura fuska, ta ɗaga suga da jini na tsawon watanni.

A wurin da allurar ta shiga, idan maganin ya zuba a ƙarƙashin fata, kitsen wurin yakan narke ya bar ɗan rami, launin fatar kuma ya kwaranye ya yi fari. Yakan bayyana wata ɗaya zuwa huɗu bayan allurar, ya fi fitowa fili a baƙar fata, kuma na ga waɗanda suka firgita suka zaci kuturta ce. Yawanci launin yana dawowa cikin watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu. Jijiyar da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri kuwa ba a zuba mata sitiroyid ko kusa, domin yana raunana ta har ta tsinke, wanda wani dalili ne da ya sa wannan aiki na wanda ya san tsarin gwiwa ne.

Kafin allura ta farko ma akwai tambayar da ake yawan tsallakewa: shin tabbas zaizayewa ce? A arewacin Najeriya da kudancin Nijar tarin fuka yana kama gaɓa, ya kumbura gwiwa ɗaya a hankali na tsawon watanni ba tare da tari ba, kuma zuba masa sitiroyid ƙara masa ƙarfi ne. Masu sikila kuma suna da haɗarin mutuwar ƙashi da ciwon ƙwayoyin cuta a gaɓa, ga shi sitiroyid yana iya tayar musu da ciwonsu. Shi ya sa idan gwiwa tana da ruwa, musamman ta matashi ko wadda take da ɗumi, a fara zuƙo ruwan a duba kafin a zuba komai. Ba a kuma yin allurar idan akwai ƙurji ko gyambo a fatar gwiwa, ko mutum yana zazzaɓi, ko gwiwar da aka riga aka sa mata ƙarfe.

Maganar ƙarfe ta kawo mu ga wani abin da ya kamata ku yi la'akari da shi tun yanzu. Idan hoto ya nuna gaɓar Hajiya ta ƙare, ƙashi yana gugar ƙashi, mai yiwuwa a kai ga shawarar aikin sauya gwiwa. Bincike da dama sun nuna cewa wanda aka yi wa allurar sitiroyid a cikin wata uku kafin wannan aiki ya fi fuskantar haɗarin ƙwayoyin cuta su kama sabuwar gaɓar, kuma wannan masifa ce babba wadda takan sa a cire ƙarfen a sake aiki. Allura ta huɗu a yau tana iya tura ranar tiyata gaba da wata uku ko fiye, a kan sauƙin da bai wuce mako biyu ko uku ba.

Duk da wannan, ban cire allurar daga cikin kayan aikina ba, kuma manyan ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai, ciki har da ta Amurka a ƙa'idarta ta 2019, suna goyon bayan amfani da ita. Inda nake ganin ƙimarta shi ne gwiwar da ta tashi da kumburi da ruwa har ta hana barci, ko mutumin da ciwo ya hana shi fara motsa jikin da zai taimake shi, ko wanda ke gaban wata tafiya mai nauyi kamar aikin Hajji, inda ɗawafi da sa'ayi da tafiyar Mina suke bukatar ƙafa. Ko a nan nakan so a yi ta kamar mako biyu kafin tashi, don idan wata matsala za ta fito ta fito a gida. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a yi wa gaɓa ɗaya fiye da sau uku ko huɗu a shekara, a bar aƙalla wata uku tsakani, a huta wa ƙafar kwana ɗaya ko biyu bayan an yi, kuma idan allura ta kasa ba da sauƙin da ya kai wata guda, babu hikima a maimaita ta.

Abin da zai fi amfanar Hajiya a watannin nan shi ne sashen gashin ƙashi. A 2020 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wani gwaji da aka yi a asibitocin sojan Amurka a kan mutum 156, inda aka kwatanta allurar sitiroyid da atisayen gashin ƙashi. Bayan shekara guda, masu atisayen sun fi samun sauƙin ciwo da ƙarfin tafiya. Ƙarfafa naman gaban cinya shi ne ginshiƙin aikin, kuma ana iya yin yawancinsa a kan gado ko kujera a gida idan an koya mata. Idan tana da jiki, rage nauyi yana da tasiri fiye da yadda ake zato, domin kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu na matsi a kowane taku, kuma zai taimaki sugarta a lokaci guda. Man shafawa na dikulofenak ya fi mata aminci a kan ƙwayoyinsa, waɗanda ke iya taɓa ƙoda da ciki, balle ga mai shekarunta da ciwon suga. Idan dole sai an sha, a fara auna ƙodarta. Ta riƙe sanda a hannun hagu tunda gwiwar dama ce ke ciwo, a sama mata masai na zama maimakon na tsuguno, a ɗaga mata wurin zama daga tabarma zuwa kujera. Na fahimci yadda komawa salla a tsaye ya faranta mata rai, kuma na san shi ne babban abin da ke sa iyayenmu neman a sake yi musu allurar. Amma hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba wanda ya kasa tsayuwa damar yin salla a zaune, kuma malamin da take girmamawa zai fi ni iya kwantar mata da hankali a kan wannan.

Idan kun koma asibiti, ka tafi da sunan maganin da aka zuba mata da ranakun alluran uku, da littafin awon sugarta, da duk ƙwayoyin da take sha. Ka roƙi a ɗauki sabon hoton gwiwoyin biyu tana tsaye, a auna HbA1c da aikin ƙoda, a tura ta sashen gashin ƙashi, kuma idan hoton ya nuna lalacewar ta yi nisa ko ta yi sauri, a haɗa ku da likitan tiyatar ƙashi kafin wata allura ta sake shiga gwiwar.